Hoton Kan Safia

Ranar da Safia ta fara faɗuwa, ludayi na hannunta. Asubar Talata ce, tana tsaye kan babbar tukunyar waakye, wato dafa-dukan shinkafa da wake, a tsakar gidanmu na unguwar Maamobi a Accra, ni kuma ina wanke ganyen da muke ƙunsa wa masu saye. Sai na ji ludayin ya bugi siminti. Da na juya tana ƙasa, ƙafarta ɗaya tana dukan dutsen murhu, idanunta sun juye, kumfa na fita ta gefen bakinta. Bakin zaninta ya kama wuta, na watsa masa ruwan ganye.

Safia matar yayana Inusah ce. Shekara shida ita ke dafa waakyen da mahaifiyarmu, Mma Luba, ke sayarwa a bakin titi, wanda ma'aikatan ofis ke ajiye mota su bi layi dominsa. Sunan Mma ne a kan allo, amma hannun Safia ne a tukunya, kuma duk gidan mun san haka.

Mma ta fito da tasbaha a hannu, ta tsaya ta dube ta. Ta ce in rufe ƙofar gida. Da na rufe ta ce in juya tukunyar kada ta kama. Safia ta farfaɗo bayan ɗan lokaci, ba ta san abin da ya faru ba, sai harshenta da ta ciza. Ta nemi gafarar Mma saboda ta ɓata lokaci, ta ɗaura wani zanin, ta ƙarasa girkin.

Bayan sati biyu ta sake faɗuwa, wannan karon a bakin famfo. Mma ta aika aka kira Malam Braimah, mai ruƙiyya a lungunmu. Ya yi karatu a kanta, ya turara ɗakin da hayaƙi har ɗiyarta Basma, mai shekara huɗu, ta yi ta tari. Ya ce aljanin babbar kwata ne, ta zubar da ruwan zafi ba ta yi bisimilla ba. Ya bar rubutu na sha da na shafawa. Safia ta sha, ta shafa. Ciwon kai bai bar ta ba. Takan ɗaure goshinta da ɗankwali biyu ta tamke, ta ci gaba da tankaɗe garin rogo da soya shito, baƙin yajin da ake zubawa a kan waakye.

Faɗuwa ta huɗu ce ta kai mu asibiti, ita ma ba don faɗuwar ba. Hannunta ya sauka cikin garwashi, ƙunar ta ruɓe har tana wari, Mma ta ce mai irin wannan hannu ba zai taɓa abincin mutane ba, in kai ta a wanke. Muna zaune a layi abin ya taso mata a gaban nas-nas. Su ne suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, suka ce a ɗauki hoton kanta.

Likitar da ta karanta hoton mace ce, ba ta jin Hausa. Tana Turanci tana haɗawa da yaren Twi, ni ina fassara wa Safia. Ta ɗaga hoton ta nuna mana wasu ƙananan zagaye a cikin ƙwaƙwalwa, kowane da ɗigon fari a tsakiya kamar ƙwayar shinkafa. Ta ƙirga goma sha ɗaya. Ta ce 'ya'yan tsila ne, doguwar tsutsar nan ta ciki, irin wadda ake samu daga naman alade. Na tsallake wannan kalmar wajen fassara. Amma likitar ta ce prako, kuma Safia ta yi shekaru tana cefane a kasuwa, ta san abin da prako ke nufi.

Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya. "Rafi'a, ki faɗa mata wallahi ban taɓa ci ba."

Likitar ta ce ta yarda, ba ta hanyar ci ake samun na kai ba. Wanda ya ci naman da bai dahu ba, sane ko ba sane ba, shi tsutsar ke zama a hanjinsa, kuma yana iya yin shekaru lafiyarsa lau. Ƙwan tsutsar na fita a bayan gidansa, ya maƙale a hannu, ya shiga ruwa ko abinci, wani ya haɗiye. A jikin wannan na biyun ne ƙwan ke ƙyanƙyashewa ya bi jini ya je kai. Ta ce sau da yawa mai tsutsar yana cikin gida ɗaya da mara lafiya. Ta ba ni ƙananan kwalabe huɗu, ta ce kowa a gidan ya kawo bayan gidansa a gwada, har yarinya. Na Safia sun gwada, babu komai. Ta rubuta maganin hana faɗuwa na wata ɗaya, ta ce mu dawo bayan sati a kwantar da ita, domin maganin kashe tsutsar yana sa kai ya kumbura, sai ana dubanta. Na tambaye ta ko ana warkewa. Ta ce ana warkewa, in dai an dawo.

Da la'asar na zayyana wa Mma da yayana, Bra Inusah, komai, a ɗakin Mma, ƙofa a rufe. Na ajiye kwalaben a kan tabarma. Mma ba ta taɓa su ba. Ta daɗe tana kallon ambulan ɗin hoton, sannan ta ɗaga katifarta ta tura shi ƙasa.

"Aljani kowa ya san shi," in ji ta. "Ana tausaya wa mai shi. Amma a ce tsutsar alade, a gidan da ake dafa wa rabin Maamobi abinci? Kin san mutum nawa daga lungun nan ke shara da gadi a asibitin can? Gobe da safe har unguwar Nima an ji."

Na ce likita ta ce ba Safia ce ta ci ba.

"To wa ya ci? Ni?"

Bra Inusah direban trotro ne, ƙaramar bas ta haya, daga tashar Circle yake lodi. Tun asuba yake fita, abin da ya samu a tasha shi yake ci. Ya miƙe ya ce shi ba zai tsuguna kan kwalba kamar ɗan yaye ba, kuma duk wanda ya sake dubansa da wannan magana zai gane kurensa. Ba wanda ya dube shi. Mma ta ce a bari a wuce azumi, lokacin ciniki ne, bayan Sallah a ga abin da Allah zai yi. Ta jefa kwalaben a kwandon shara.

Akwai abin da ban faɗa musu ba. Tun muna gaban likitar, da ta kwatanta yadda gaɓoɓin tsutsar ke fita, farare, shimfiɗaɗɗu kamar guntun taliya, na san na taɓa ganin su. Fiye da shekara ina ganin su jefi-jefi, a jikina. Ina son tsiren bakin hanya, kuma ban taɓa tambayar mai gashi naman me ne ba. Na ji likitar ta ce akwai irin ta shanu, wadda ba ta zuwa kai, kuma sai an gwada ake bambancewa. Na riƙe wannan maganar. Bayan kwana uku na taka har cikin Nima, wani kemis da ba a san ni ba, na ce ƙawata ce ke fama da tsila. Ya ba ni ƙwayoyi, na haɗiye su a bayan shagon da ruwan leda. Daga ranar, ko an kai ni gwaji ba lallai a ga komai ba. Daga ranar kuma ban sake tayar da maganar asibiti ba.

Mma ta cire Safia daga tukunya. Ta ce ta koma ɗakin ajiya, inda muke tara buhunan shinkafa da wake, domin ta huta daga hayaniya. Aka shimfiɗa mata katifa tsakanin buhuna. Aka ware mata kwano ɗaya da kofi ɗaya, aka ɗaura musu jan zare. Aka hana Basma shiga. Na san likita ta ce abin da ke kan Safia ba ya tsallakawa zuwa kowa, na kuma san Mma ta ji na faɗa. Yarinyar takan zauna a bakin ƙofa tana tura wa uwarta marafen kwalba ta ƙarƙashi, uwar tana turo mata su.

Girki ya dawo kaina. Satin farko masu saye suka yi ƙorafi, suka ce launin ya yi fari, waken bai yi laushi ba. Sai Mma ta ce a riƙa buɗe ƙofar ɗakin ajiya da asuba. Safia na kwance, idonta a rufe saboda hasken wuta na sukan ta, tana gaya mini lokacin da zan tsame karan dafi, da yawan kanwar da zan sa. Daga ƙamshi take ganewa. Cikin sati biyu ƙorafi ya ƙare, aka daina buɗe ƙofar.

Muddin tana shan ƙwayoyin asibiti ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Mma ta ce rubutun Malam Braimah ne ya fara aiki. Da ƙwayoyin suka ƙare ba a sake sayo wasu ba, domin takardar tana cikin ambulan, ambulan yana ƙarƙashin katifa. Kwana biyar bayan haka ta faɗi sau biyu a yini ɗaya. Malam ya ce maganin Turawa ne ya fusata aljanin. Sau biyu aka kira wayata daga asibitin, don lambata na bayar. Na farko ban ɗauka ba. Na biyu na ce ta yi tafiya.

Azumi ya zo ya wuce. Ta fara amai da safe, ko ba ta ci komai ba. Ta ce tana ganin ƙofa biyu, ba ta san wacce za ta bi ba. In za ta kewaya sai ta dafa bango, tana jan ƙafa kamar an ɗaura mata dutse. Daga baya ta daina kaiwa, sai dai in canza shimfiɗa. Ni nake mata wanka, ni nake tsefe mata kai. Wani lokaci ina wanke mata gashi sai in tsaya da tafin hannuna a kan ƙeyarta, in ji ɗumin kawai. Ba na jin komai a raina a lokacin. Nakan gama, in shanya zanin, in koma in yanka albasa.

Bra Inusah yakan leƙa in ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce sannu. Ya sayo mata lemun kwalba da burodi mai laushi. Sau ɗaya na tare shi yana wanke mota na ce ƙwayoyin nan dai a sayo su. Ya ce shi bai hana ba, amma Mma ce babba, kuma ba a taɓa jin ɗa ya ɗaga katifar uwarsa ba. Ya ce in na ga zan iya, in je in ɗauko. Ya san ba zan iya ba.

Safia tana da wa guda ɗaya a Accra, Hudu, mai sayar da albasa. Iyayensu suna can Nijar. Ya zo wata Juma'a bayan masallaci, da ledar dabino. Mma ta tarbe shi da kanta, ta cika masa faranti har da ƙwai biyu da ganda. Ta ba shi labarin aljanin kwata, da yawan malaman da aka kira, da yadda ta hana surukarta ɗaga ko tsinke. Da ya shiga ɗakin Safia tana barci, ko kuma wannan abin da ya zama mata kamar barci. Ya tofa mata addu'a, ya fito idonsa ya yi ja. Ya durƙusa ya gode wa Mma, ya ce ko uwar da ta haife su iyakar abin da za ta yi ke nan. Na raka shi har bakin titi. Muna tsaye ana kiran Circle, Circle, ya tambaye ni ko akwai abin da ake bukata. Na ce addu'a.

Akwai wata rana da hankalinta ya dawo sarai. Da hantsi ne, na kai mata koko. Ta gane ni, ta kira sunana daidai, ta ce in jingina ta da buhu. Ta sha cokali uku. Ta tambayi Basma, na ce tana makarantar allo. Sannan ta ce:

"Rafi'a, likitar nan ta ce ana warkewa, ko ba haka ta ce ba?"

"Haka ta ce, Sista."

"To yaushe za mu koma?"

"Mma ta ce bayan Sallah."

"Wace Sallah?"

Ƙarama ta wuce, Babba ma ta wuce da sati uku, fatar ragonmu tana shanye a kan rufin kwano. Ba ta sake tambaya ba. Ta ce in yi mata alƙawari ɗaya, kada in bar kowa ya gaya wa Basma cewa uwarta ta ci abin da Allah ya haramta. Na yi mata alƙawari. Har ta rasu tana zaton zargin da ake mata ke nan, shi ya sa aka ware mata kwano.

Ta rasu ranar Alhamis, wajen ƙarfe tara na safe. Na shigo gida ɗaukar ƙarin shito na leƙa, na same ta a kife, fuskarta cikin filo. Na juya ta, na rufe mata ido, na ja zani. Na fita bakin titi na raɗa wa Mma. Mutum kusan ashirin ne a layi. Mma ta ce inna lillahi, a hankali, hannunta bai bar cokalin ba. Ta ce a sallami waɗanda ke tsaye tukuna, kada a tayar wa mutane da hankali suna shirin zuwa aiki. Na tsaya kusa da ita ina ƙunsa ganye har tukunya ta ƙare. Sannan muka shiga gida, Mma ta fasa kuka.

An yi jana'iza bayan azahar. Mata sun cika gidan kwana uku. Kowa ta zauna sai ta yaba wa Mma, a ce wata goma tana jinyar suruka ba ta mayar da ita gidansu ba. Malam Braimah ya ce irin waɗannan aljanun in sun kama ba sa saki. Bra Inusah ya yi kuka na gaske, na gani, har ya kasa tsayuwa a maƙabarta aka ce. Ni na dafa abincin sadakar uku da ta bakwai.

Ba wanda ya taɓa dukan Safia a gidanmu. Ba a hana ta abinci ba, ba a zage ta ba. In ka tambayi Mma za ta ce ta kare sunan gida da abincin bakin mutum biyar, kuma ba ƙarya ta yi ba. Bra Inusah zai ce ya bi uwarsa, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro. Ni ce na ji bayanin likita da kunnena, na san hanyar asibiti, na san kuɗin trotro bai fi ƙarfina ba. Katifar Mma ba ta da nauyi, kullum ni nake ɗaga ta in share ƙasa. Abin da na ji tsoro shi ne a kwantar da Safia, likitar ta sake miƙo kwalba, ta dube ni. Har yau ban san ko daga jikina abin ya fito ba, ko daga jikin yayana, ko daga wani mai wucewa da ya taɓa bokitinmu. Na tabbatar da cewa ba za a taɓa sani ba. Mutum huɗu aka ce a gwada, ba a gwada ko ɗaya ba, kuma da hannuwan nan muke ba Basma abinci, da su muke ƙunsa wa mutanen layi.

Hudu ya dawo ranar sadakar arba'in. Da aka watse na raka shi titi kamar wancan karon. Motoci biyu suka wuce bai shiga ba, yana ta juya hularsa a hannu. Ya ce akwai abin da ke damunsa, ya ji an ce an taɓa kai ta asibiti saboda ƙuna, shin likitoci ba su ce komai game da faɗuwar ba?

Na gaya masa. Hoton, da zagaye goma sha ɗaya, da kwalaben, da katifa, da kiran da na ce ta yi tafiya. Har kemis ɗin Nima na gaya masa. Na jero masa su kamar ina karanta masa jerin cefane. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana kallon kwatar da ke gabanmu.

"Ana warkewa?" ya tambaya.

"Likita ta ce ana warkewa."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hularsa. "Na ci abincin gidanku," in ji shi, "har na durƙusa na yi godiya."

Ya ce ranar Litinin zai zo ya kai Basma a gwada ta, ba izini yake nema ba, in gaya wa wanda zan gaya wa. Trotro ta tsaya, ya shiga, bai waiwayo ba.

Na koma gida. Ana tattara kujerun haya, Basma tana bin masu ɗauka tana ƙirga su da ƙarfi. Mma na zaune a ƙofar ɗakinta tana tausa gwiwarta. Ta tambaye ni me ya tsayar da ni haka. Na ce mota ce ba ta zo da wuri ba. Ta ce gobe za a koma fita, hutun ya isa, ko na jiƙa waken.

Na ce na jiƙa.